Jita-jitar sauya wa Tower of Terror labari: me ke tunzura masoya, kuma ko kukansu yana hana wani abu?

"Assalamu alaikum. Muna zaune a Amurka, kuma mun daɗe muna tara kuɗin kai yara Disney World a dogon hutu mai zuwa. Babban ɗana ba abin da yake ɗokin hawa kamar Tower of Terror. To sai ga shi ana ta yaɗawa a Facebook da YouTube wai za a cire labarinsa a sa na wani fim, kamar yadda aka yi wa na California. Na ga manya da gemunsu suna zage-zage, wasu suna tara sa hannu, wata har da hawaye. Don Allah me ya kawo wannan tashin hankali a kan lilo? Da gaske za a sauya? Kukan nasu yana hana kamfani yin abin da ya yi niyya? Mu matso da tafiyarmu ne ko mu bar ta yadda muka tsara?"

Wa alaikumus salam, Malama. In na fahimce ki, abu huɗu kike son sani: dalilin da ya sa mutane ke kumfar baki a kan lilo, ko maganar tana da tushe, ko kururuwar masoya tana tanƙwara kamfani, sai kuma wanda ya fi damunki, wato ranar tafiya. Bari in fara da na ƙarshen don hankalinki ya kwanta. Kamfanin Disney bai sanar da cewa zai sauya wa Tower of Terror na Florida, wato lilon lif mai faɗowa a cikin wata doguwar hasumiya, labari ba. Wannan raɗe-raɗin tun 2016 yake yawo, ya lafa ya sake tasowa, hasumiyar kuwa tana nan da labarinta na asali. Kada ki taɓa ranar tafiyarki saboda bidiyon YouTube.

Inji daban, labari daban

Duk babban lilo a irin waɗannan wurare abu biyu ne a haɗe. Akwai ƙarfe da siminti: ginin kansa, hanyar da keken ke bi, injinan da ke jan sa, birki, na'urorin da ke gane inda kowane keke yake, da kwamfutar da ke tsayar da komai da zarar wani abu ya kuskure. Sannan akwai labari: adon bango, fitilu, kiɗa, muryoyi, mutum-mutumin da ke motsi da magana, ɗakin da ake tara mutane a nuna musu gajeren fim kafin su hau, tufafin ma'aikata, har da kantin tsarabar da ake fitowa ta cikinsa. Na farkon shi ne mai wuyar tonewa a sake ginawa. Na biyun ana iya kwashe shi a zuba wani. Abin da masoya ke tsoro ke nan, kamar motar da aka sake wa fenti da kujeru da rediyo amma inji da giya suna nan yadda suke.

Hasumiyar da ɗanki ke so an buɗe ta ranar 22 ga Yuli 1994, a wurin da yanzu ake kira Disney's Hollywood Studios. Tsayinta ƙafa 199 ne, kuma da gangan aka tsaya nan, domin ginin da ya kai ƙafa 200 dokar sufurin jiragen sama ta Amurka tana buƙatar a sa masa fitilar gargaɗi a ka, wadda za ta ɓata kamannin tsohon otal. Labarin shi ne tsawa ta faɗa wa otal ɗin a daren 31 ga Oktoba 1939, mutum biyar da ke cikin lif suka ɓace. Lif ɗin kuma ba sakin sa ake yi ya faɗo ba. Igiyoyin ƙarfe suna riƙe da shi ta sama da ta ƙasa, manyan injina a saman ginin suna fizgo shi ƙasa da gudun da ya fi na abin da ya faɗo da kansa. Shi ya sa mutum ke jin ya rabu da kujera, bel kaɗai ke riƙe da shi.

Ta California an buɗe ta a 2004. Bayan watanni ana ƙishin-ƙishin, kamfanin ya tabbatar a watan Yuli 2016, a taron Comic-Con na San Diego, cewa za a mai da ita ta Guardians of the Galaxy. Aka rufe a farkon Janairu 2017, aka buɗe ranar 27 ga Mayu. Ko wata biyar ba a cika ba. Ramukan lif ɗin uku da injinansu duk suna nan. Abin da aka sauya shi ne fuskar ginin, adon ciki, allunan bidiyo, da tsarin kwamfutar da ke juya lif ɗin, inda aka yi salon hawa da sauka guda shida, kowanne da waƙarsa. Lilon ban tsoro ya koma na dariya da ihu. Sabon lilo daga tushe kuwa shekaru yake ci.

Me kamfani ke nema

Saurin nan da rangwamen kuɗin su ne dalili na farko. Ana samun abin da za a tallata a matsayin sabo ba tare da an haƙa tushe ba.

Na biyu shi ne mallakar labari. The Twilight Zone, shirin talabijin da aka gina Tower of Terror a kansa, ba na Disney ba ne, na CBS ne, da lasisi ake amfani da shi. Marvel kuwa, kamfanin da ke da Guardians of the Galaxy, Disney ta saye shi a 2009 a kan kimanin dala biliyan 4. Idan labarin naka ne, ba ka biyan kowa, duk riga da 'yar tsanar da aka saya a kantin fita ribarka ce, kuma lilon yana yi wa fim ɗinka na gaba talla. Haka aka yi wa Rock 'n' Roller Coaster, maƙwabcin Tower of Terror, wanda aka gina a kan mawaƙan Aerosmith: na Paris an rufe shi a 2019 ya dawo a 2022 da jaruman Marvel, na Florida kuma a Nuwamba 2024 aka sanar za a ba Muppets, 'yan tsanan wasan barkwanci, waɗanda su ma mallakar Disney ne.

Na uku shi ne labarin da ya zama abin kunya. Splash Mountain, lilon kwalekwale mai gangarowa daga tsayin ƙafa hamsin da 'yan kai, an buɗe shi a Disneyland na California a 1989, a Florida da Tokyo a 1992. An ɗauko labarinsa daga fim ɗin Song of the South na 1946, wanda aka daɗe ana suka saboda yadda ya ƙawata rayuwar baƙar fata a gonakin kudancin Amurka bayan yaƙin basasa. Disney ba ta taɓa fitar da shi a kaset ko faifai a Amurka ba, kuma ba ya kan Disney+. Tatsuniyoyin zomo da dila da ke cikinsa, a gefe guda, masu nazari suna danganta asalinsu da Afirka, bayi ne suka ƙetara da su. Duk wanda aka yi wa tatsuniyar Gizo da budurwar danƙo zai gane ɗaya daga cikinsu nan take. Ranar 25 ga Yuni 2020, wata guda cif bayan kisan George Floyd, kamfanin ya sanar za a mai da lilon na Tiana, gimbiyarsa baƙar fata ta farko.

Me ya sa abin ke yi wa mutane zafi

Mutanen da kike gani suna ihu ba jinsi ɗaya ba ne, ko da yake a shafin sharhi duk sun cakuɗe.

Mafi yawansu abin da ke damunsu tunawa ce. Fim ɗin da kika so kina yarinya yana nan, ko bayan shekara talatin za ki kunna wa 'ya'yanki. Lilo ba haka yake ba. Wuri ne da ake shiga da jiki, da ƙamshinsa, da sanyinsa, da wanda ke zaune kusa da kai. Ranar da aka kwashe kayan ciki, shi ke nan, bidiyo ba ya maye gurbinsa. Wanda mahaifinsa ya fara kai shi, mahaifin kuma ya rasu, ba ƙarfe yake yi wa kuka ba. Masu tikitin shekara da mazauna Orlando da Anaheim, inda wuraren shaƙatawar Disney suke, waɗanda wurin ya zame musu wajen hirar yamma, su ne suka fi ji a jika. Za a iya cewa sabo turken wawa, amma a tuna kamfanin da kansa yake sayar da wannan sabon. Tallansa kullum shi ne ka kawo ɗanka inda aka kawo ka. Wanda ya yi shekaru yana koya wa mutane son abu bai kamata ya yi mamaki ba in sun yi fushi ranar da ya ɗauke shi.

Akwai kuma masu kallon tsari, kuma a ganina hujjarsu ta fi ta kowa ƙarfi. Su damuwarsu ita ce ko sabon labarin ya dace da inda aka ajiye shi. Epcot, ɗaya daga wuraren shaƙatawa na Disney World, an gina ɓangarensa na ƙasashe ne don nuna ƙasashe na gaskiya. Lilon Maelstrom da ke rumfar Norway tun 1988 yana nuna tarihi da tatsuniyoyin ƙasar, har da rijiyar mai ta cikin teku. Da aka rufe shi a Oktoba 2014 aka zuba labarin fim ɗin Frozen, sai ƙasar da babu ita a taswira ta zauna a gidan ƙasar da ke akwai. Haka hasumiyar California: ginin da aka yi wa ado da bututu da launukan sararin samaniya ya yi shekara huɗu yana leƙo titin da aka tsara kamar tsohuwar Hollywood, kafin a buɗe Avengers Campus, sashen jaruman Marvel, a gefensa a 2021.

A rikicin Splash Mountain siyasa ta shigo, aka samu takardun koke biyu suna karo da juna a intanet, ɗaya na neman a sauya, ɗaya na neman a bari, kowacce da dubban sa hannu. Sai kuma waɗanda fushin mutane shi ne kasuwarsu. Mai tashar YouTube da ya rubuta "ZA A RUSHE" da manyan baƙaƙe yana samun masu kallo ko maganar ta tabbata ko ba ta tabbata ba, kuma ba wanda zai dawo bayan shekara ya tuhume shi. 'Yan kasuwa ma ba a bar su a baya ba. Da aka rufe Splash Mountain na Florida a Janairu 2023, an ga mutane suna tallar ruwan lilon a cikin kwalabe a eBay.

Kukan yana aiki?

Kafin a sauya, da wuya. Dalilin yana cikin yadda ake aikin. Kafin magana ta ɓullo waje, yawanci an riga an zana, an yi lissafin kuɗi, an amince da kasafi, wani lokaci har an ba 'yan kwangila aikin ƙera kaya. Ta bakin waɗannan 'yan kwangilar da ma'aikata ne ma labarin ke fita. Wato lokacin da masoya suka ji, aiki ya yi nisa, kukansu ya zama ihu bayan hari. Disney da kanta ta ce aikin Tiana tun 2019 aka fara shi, kafin takardun koken.

Misalin da aka fi tunawa shi ne Mr. Toad's Wild Ride na Florida. Daga ƙarshen 1997 masoyansa suka buɗe shafin intanet, suka buga korayen riguna, suka riƙa aika katunan koke, suna taruwa a bakin lilon. Kusan shekara guda suna yi. Kamfanin ya yi gum, sai ana saura 'yan kwanaki ya tabbatar, aka rufe ranar 7 ga Satumba 1998, Winnie the Pooh ya shiga wurin a 1999. Masoyan hasumiyar California su ma sun tara sa hannu, ba abin da ya hana. Da aka buɗe sabon, layi ya kai na awanni. Frozen Ever After kuwa, wanda ya maye gurbin Maelstrom, ranar da aka buɗe shi a Yuni 2016, allon jira ya nuna minti 300. Wannan shi ne lissafin da kamfani ke dubawa: masu sharhi dubbai ne, masu sayen tikiti miliyoyi, kuma akasarinsu iyalai ne irin naku da ke zuwa sau ɗaya a shekaru, yaransu sun san Elsa, ba su san Maelstrom ba.

Inda kuka ke tasiri shi ne bayan an sauya, idan sabon ya faɗi. Journey into Imagination na Epcot an buɗe shi a 1983 da wani ɗan dodo mai launin shunayya, Figment. A 1998 aka rufe, a Oktoba 1999 aka buɗe sabo, an gajarta hanyar, Figment kuma sai ɗan leƙowa. Baƙi suka ƙi shi, ba masoya na gani-kashe-ni kaɗai ba, har talakan baƙo. Shekara biyu kacal ya yi, aka sake rufewa, a Yuni 2002 aka dawo da Figment a kusan kowane ɗaki. Amma ki lura, tsohon lilon bai dawo ba. Hanyar da aka yanke ta yanku, abokin tafiyarsa Dreamfinder ma bai dawo cikin lilon ba. Enchanted Tiki Room na Florida, wasan mutum-mutumin tsuntsaye masu waƙa, shi ma an cusa masa tsuntsayen wasu finafinai a 1998, mutane suka yi shekara goma sha uku suna tsaki, sai da gobara ta taɓa ɗakin a Janairu 2011 sannan aka mayar da wasan asali a watan Agusta, shi ma a taƙaice.

Akwai lokacin da aka ja da baya tun kafin a fara. A 1990 labari ya fita cewa za a cire wasan Abraham Lincoln na Disneyland a sa Muppets. Jama'a suka yi ca, kamfanin ya bar Lincoln. Sai dai wannan ya haɗa da kishin ƙasa, ba son lilo kaɗai ba, kuma cinikin da Disney ke yi da iyalan Jim Henson, wanda ya ƙirƙiro Muppets, a lokacin shi ma ya wargaje a ƙarshen shekarar.

Yadda nake auna jita-jita

Mutanenmu na cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma a wannan harka sau da yawa haka ne, amma ba yadda mutane ke zato ba. Sashen zane na Disney, Imagineering, kullum yana zana abubuwan da ba za a taɓa ginawa ba. Mutum zai iya ganin zane na gaskiya da idonsa, ya faɗa da gaskiyarsa, abin kuma ya mutu a teburin kasafi. Don haka tambayar ba "an taɓa tunanin haka?" ba ce. Kusan kowane lilo an taɓa tunanin sauya shi. Tambayar ita ce ko an saki kuɗi.

Abin da nake fara dubawa shi ne injin. Sabon labarin zai hau kan ƙarfen da ke wurin? Jita-jitar cewa Dinosaur na Animal Kingdom zai koma Indiana Jones ta yi shekaru tana yawo, kuma masu lura ba su taɓa raina ta ba, domin Dinosaur na 1998 da Indiana Jones Adventure na Disneyland na 1995 motoci iri ɗaya suke amfani da su, hanyar ma kusan ɗaya ce. A Agusta 2024 kamfanin ya tabbatar. Idan kuwa jita-jita tana buƙatar a fasa gini a sake hanya, nauyinta ya ragu sosai.

Sai yarjejeniya. Tun 1994 akwai kwangila tsakanin Marvel da kamfanin Universal da ta ba Universal ikon amfani da Spider-Man, Avengers, X-Men da Fantastic Four a wuraren shaƙatawa a gabashin kogin Mississippi. Sayen Marvel da Disney ta yi bai soke ta ba. Saboda haka duk wanda ya ce miki za a mai da wani lilo na Disney World na Spider-Man ko Hulk, ƙanzon kurege ne. Guardians of the Galaxy ba sa cikin waɗanda aka hana, shi ya sa suka samu lilonsu a Epcot a Mayu 2022.

Sai takardun hukuma. A Florida, kafin ɗan kwangila ya fara aiki mai tsoka, ana shigar da takardar da ake kira Notice of Commencement a ofishin gundumar Orange, kowa na iya gani. Tana ɗauke da adireshin gini, sunan ɗan kwangila, da bayanin aiki a kalma biyu ko uku, yawanci wa'adinta shekara guda. Aikin da zai taɓa ƙasa da magudanan ruwa kuma yana bi ta hukumar kula da ruwa ta kudancin Florida, inda ake haɗawa da taswira. A California birnin Anaheim ke ba da izinin gini. Nan ne masu yaɗa labari suka fi yin ɓarna. Takarda ta ce gyaran lantarki ko aikin gini na gama-gari, sai a wayi gari an ce an rushe lilo. Ni sunan ɗan kwangilar nake dubawa. Kamfanin rufi ko na na'urar sanyaya ɗaki gyara ne na yau da kullum. Kamfanin da sana'arsa ƙera adon fage da kafa shi, da takardu da yawa a adireshi ɗaya cikin 'yan makonni, wannan abin a zuba ido ne.

Kantin tsaraba ma yana magana. Idan kayan lilo suna ƙarewa ba a sake kawowa, ko aka cire waƙarsa daga kiɗan da ake sawa a harabar wurin, alama ce. Ita kaɗai ba hujja ba ce.

Duk wannan ma'auni ne na mai kallo daga waje, yana nuna inda iska ke kaɗawa ne kawai. Tabbas sai kamfani ya faɗa a shafinsa ko a D23, babban taron da yake yi da masoyansa. Ko faɗar ma ba ƙarshen zance ba ce. A 2019 aka sanar da lilon Mary Poppins da babban gyaran Spaceship Earth a Epcot, annobar korona ta zo, aka jingine su. Musantawa ita ma tana da wa'adi. A wannan shekarar ta 2019 kamfanin ya fito ya ƙaryata cewa za a cire Country Bear Jamboree. Bai yi ƙarya ba, beyayen suna nan, amma a Yuli 2024 aka sake buɗe wasan da sababbin waƙoƙi.

Abin da kan lalace idan an sauya

Tsoron masoya ba duka ne na banza ba, domin akwai matsalolin da ke maimaita kansu. Babbarsu ita ce hanyar lilo an zana ta ne a kan tsohon labari. A Splash Mountain, hawan ƙarshe a hankali yake, kiɗa ya sauya, ungulu biyu suna yi wa mutum ba'a daga sama, zomo yana hannun dila, sannan a faɗa. Faɗuwar ita ce kuɓutar zomon. A Tiana's Bayou Adventure, wanda aka buɗe a Florida ranar 28 ga Yuni 2024, a Disneyland kuma 15 ga Nuwamba, babu mugu a labarin, neman makaɗa ake yi don biki. Hawan yana nan, faɗuwar tana nan, amma fargabar da ke ba su ma'ana ta tafi. Wannan ne sukar da ta fi yawa, har daga waɗanda suka yi murna da sauyin kuma suka yaba sababbin mutum-mutumin.

Ta biyu, sabon kaya a kan tsohon inji. Lilon ruwa yana da na'urorin da ke ƙirga tazarar kwalekwale da kwalekwale. Ɗaya ta yi kuskuren karatu, kwamfuta za ta tsayar da bel ɗin hawa, kwalekwale su taru, a kunna fitilu a fitar da mutane da ƙafa. Haɗa sabon tsarin sarrafawa da ginin da ya haura shekara talatin yana ɗaukar watanni kafin ya daidaita, kuma Tiana na Florida ya sha tsayawa a watanninsa na farko.

Ta uku, cunkoso. Yawan mutanen da lilo ke ɗauka a awa injin ne ke yanke shi, ba labari ba. A misali, kwalekwale mai cin mutum 8 da ke tashi duk daƙiƙa 20, sau 180 ke nan a awa, mutum 1,440. Ko wane fim aka zuba a ciki, adadin ba zai motsa ba sai an ƙara kujeru ko an rage tazara. Idan aka ɗora labarin da duk yaran duniya ke so a kan ƙaramin lilo, kamar yadda aka yi a rumfar Norway, layi ne zai sha wahala.

Hasumiyar Florida da tafiyarku

In aka ɗora ma'aunin a kanta, abu ɗaya ne ke goyon bayan jita-jitar: har yanzu labarin na aro ne, kuma kamfanin ya nuna ya fi son nasa. Sauran duk suna ja da ita. Injin Florida ba irin na California ba ne. A Florida keken yana fita daga ramin lif na farko, ya yi tafiya a kwance da kansa ta cikin wani ɗaki mai duhu, sannan ya shiga ramin faɗuwa. Abin da aka tsara wa California ba zai zauna a nan ba sai an sake zane. Guardians sun riga sun samu gida a Epcot. Titin Sunset Boulevard na cikin wurin shaƙatawar gaba ɗayansa an gina shi ne ya kai ido ga wannan otal, har bayan ginin an yi masa launin da zai saje da rumfar Maroko idan aka hango shi daga Epcot. Ta Paris ma da aka taɓa ta a 2019, salon faɗuwa aka ƙara, aka bar labarin. Uwa uba, lilon yana cika kullum. Wanda layinsa ya mutu shi ne ke cikin haɗari.

Ko da a ce gobe aka sanar, manyan lilo ana ba su wa'adi, domin bankwana ma kasuwa ce. Ta California ta samu wata biyar da 'yan kai tsakanin sanarwa da rufewa, Splash Mountain na Florida shekara biyu da rabi. Maelstrom da aka ba mako uku da Mr. Toad da aka ba kwanaki ba su kai wannan hasumiyar daraja a wurin kamfanin ba.

Abin da ya fi cancantar ki sa wa ido shi ne gyara na yau da kullum. Ki shiga shafin Disney World ko manhajarsu, ki duba jadawalin ranakun da za ku je, akwai inda ake jera abubuwan da ke rufe don gyara. Ki duba kafin ki biya kuɗin jirgi, ki sake dubawa ana saura mako biyu. Hasumiyar tana da ramin faɗuwa biyu, kuma wani lokaci ana rufe ɗaya a yi masa aiki ɗayan yana gudana. Lilon ba zai fito a jerin waɗanda aka rufe ba, amma layi zai yi tsawo sosai, kuma irin wannan gyaran shi ne yakan ta da jita-jitar daga barci. Maganinsa ku isa ƙofa kafin a buɗe, ku nufi Sunset Boulevard kai tsaye. Ki kuma auna ƙannensa tun a gida: sai yaro ya kai inci 40, wato santimita 102, ake barinsa ya hau, kuma ma'aikatan ba sa ɗaga ƙafa ko da rabin inci ne.

Idan ɗanki yana son muryarsa ta isa inda ake yanke shawara, sa hannu a takardar koke ba zai cutar ba, amma takardar jin ra'ayi da kamfanin ke aiko wa baƙi ta imel bayan ziyara ta fi ta nauyi. Ku cika ta, ku ambaci lilon da sunansa. Ma'aikacin da ke tsaye a bakin lif cikin kayan ɗan aiken otal kuwa, kada a tsare shi da tambaya ko faɗa. Shi ma a intanet yake jin labarin, kamar ku.